Gidan Amurka, Gabas da Rijiya

Tun ranar da muka sauke kayanmu a Tawa nake tsoron sunan ɗiyata. Ba wanda ya ce mini komai a lokacin. Maƙwabta sun shigo sannu da zuwa, wata ma har da tuwo a kwano, amma duk sa'ad da na buɗe baki zan kira yarinyar sai in rage murya kamar mai kiran abin sata. A ƙauyenmu, can wajen Barmu, sunan ba shi da wani nauyi. A birni kuwa na lura da an ambaci ƙasar sai fuskokin maza su canza, wani ya tofar da yawu, wani ya gyara zama. Amurka muke ce mata. Ba shi liman ya raɗa mata ba, amma shi ta sani, shi take amsawa. Yadda aka yi ta same shi, sai na koma baya, zamanin da ni kaina ban kai tsawon taɓarya ba.

Garinmu a gindin dutse yake, rijiya ɗaya gare mu, tana tsakiyar gari. Abin da ke tashe mu da safe kukan gwangwanin guga ne yana bugun bangon rijiya, da muryar masu kora jakai suna jan igiya har su ɓace bayan zana kafin gugan ya leƙo. Daga nan sai daka ta ɗauka, gida ya amsa wa gida. Ina iya gane dakan Kaka, uwar babana, ko ina bakin fadama, don ita takan jefa taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe, ga ta tsohuwa. Aikina tsintar kara da kai awaki bakin gari, in dawo in tarar da fura a ƙwarya an rufe da faifai. Yau ina zaune a gidan da ruwa ke fitowa daga famfo a bakin titi, inji ke niƙa mana gero, amma ban san ƙarar aikin kowa ba. Ƙarar da na sani ta moto ce, wato babur, da ta wayoyi, kowace tana ihu da muryar wani namiji mai fushi.

Manyan ƙasashen nan da ake ta faɗa a kansu, a lokacin mun san su ne ta kayan da ke shigowa hannunmu. Shinuwa, wato ƙasar Sin, ita ce kwanon sha mai furanni, da cocila, da takalmin roba. Amurka ita ce jar dawa da aka taɓa rabawa a wata shekarar yunwa, da gwangwanin mai wanda bayan man ya ƙare ya shekara goma yana awon hatsi a gidanmu. Faransa ita ce bakin da ake yi a lakwal, wato makarantar boko. Rasha kuwa ban ma tuna na ji sunanta ba. Rediyo ɗaya ce a unguwarmu, ta wani ƙanen babana da ya yi zaman biɗa, wato ci-rani, a Abijan. Da la'asar maza su kewaye ta, su ji wance ta yi wa wance barazana, su girgiza kai, sai ya kashe don kada batir ya ƙare, a koma zancen ko gajimaren gabas zai yi ruwa. Kaka takan ce faɗan mutanen da ba ta san iyayensu ba ba ya hana ta barci.

Wata shekara damina ta yanke tun gero bai gama ido ba. Ana cikin wannan zullumi, ran nan da hantsi, sai ga farar mota kat-kat, irin mai shiga daji, ta hawo ta tsakanin duwatsu. Mutum biyu suka fito, saurayi da budurwa, da Hausarsu irin ta Maraɗi, da takardu a hannu. Suka gaida maigari suka ce su ba abin da suka kawo, tambaya kawai za su yi gida gida: tsakanin Amurka da Shinuwa, wace ce mutane suka fi gani da kyau. Suka ce a ƙasashe da yawa ake yin wannan tambaya, don a san ra'ayin duniya. Maigari ya ce to, su je su dawo gobe, sai ya shaida wa jama'a.

Bayan la'asar aka taru gindin bagaruwa. Mu mata da yara muna bayan zana muna ji.

Maigari ya ce, "Ku ji ni da kyau. Ba a ƙona mai a hau duwatsun ga don tambaya ɗai. Mutanen ga awo sunka zo yi. So ake a ji wa ka son wa, kana a san inda za a kai hatsi."

Kowa ya yarda, don ba wanda ya taɓa ganin mota ta zo garinmu a banza.

Ya ce, "To, in munka ce Amurka mu duka, Shinuwa ta ji haushi. In munka ce Shinuwa, Amurka ta ɗauke buhunta ta kai garin Takanamat. Don haka rabuwa za mu yi. Duk wanda ke gabas da rijiya, Amurka. Wanda ke yamma, Shinuwa. Ko wace ta tashi aikowa, ta iske masoyanta a garin ga."

Wani dattijo na yamma, makeri, ya ɗaga sandarsa. "Ranka shi daɗe, an cuce mu. Ni ban taɓa ganin ƙwayar dawar Shinuwa ba. Takalminta kwana bakwai ya yi mini ya rabu biyu."

"To ka yabi kwanon."

"Kwano ba tuwo?"

"Kai dai yabi kwanon, Allah shi kawo tuwon."

Aka yi ta dariya. Wani ya ce gidansa daidai saitin rijiya yake, shi na wa ne? Aka ce matarsa ta ɗauki ɗaya shi ya ɗauki ɗaya, dama kullum haka suke.

Gari ya waye, kowa ya share ƙofar gida, an haddace abin da za a ce. Sai baƙin suka ba mu mamaki: ashe ba kowane gida za su shiga ba. Su ƙirga gidaje su tsallake, su shiga ɗaya, a cikinsa ma mutum ɗaya za a tambaya. Makerin nan da ya kwana yana shirya yabon kwano, ko kallon ƙofarsa ba su yi ba. Gidanmu na gabas da rijiya, kuma ƙirgen ya faɗo kan Kaka. Ta shimfiɗa wa budurwar tabarma, ta sa aka dama fura da ɗan nonon da ya rage, wanda da mu za a ba. Ina raɓe jikin rumbu ina kallon ƙwaryar tana tafiya.

Budurwar ta ce, "Inna, yaya kike ganin Amurka? Da kyau sosai, da kyau kaɗan, ko ba kyau?"

"Rubuta sosai."

"Shugabansu fa, kin yarda da shi?"

Wannan ba ya cikin abin da maigari ya koya musu. Kaka ta ce, "'Yar nan, ban taɓa ba shi ajiyar komi ba. Ta ina zan san amanarshi?"

"Sai kin zaɓi ɗaya, Inna."

"To rubuta sosai. Kada ki rage."

"Shinuwa fa?"

"Wanga sai ki tambayi na yamma. Ni ba ni zagin kowa, ɗiyata na aure can."

Da aka gama, budurwar na naɗe takardunta, Kaka ta riƙe mata gefen zane. Ta ce, "Ni ma in tambaye ki. Su can, an bi su gida gida an ce yaya suka ganin mu mutanen Adar? Mi sunka ce?"

Budurwar ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya mata. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Ta sake cewa, a hankali, ita fa ta gaya mana ba rabon abinci ba ne. Kaka ta ce ta ji, Allah shi kiyaye hanya. Motar na juyawa Kaka ta sa babana ya hau ya share rumbun da ya fi girma.

Muka yi ta jira. Duk ƙarar da ta taso daga hanyar Tawa sai yara mu ruga kan dutse. Ba abin da ya zo, daga gabas ko daga yamma. Shekarar muka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya ragu. Awakina da nake kai wa bakin gari aka kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya, babana da sauran maza suka bi motar biɗa, gari ya zama na mata da tsofaffi. Rumbun da aka share kaji suka mayar wurin kwana. Kaka ba ta taɓa zagin baƙin ba. Abin da kawai na ji ta ce shi ne yarinyar ta faɗi gaskiya, mu ne yunwa ta toshe wa kunne.

Hatsi bai zo ba, amma rabon ya zauna, ya zama wasa irin na taubasai. Mu na gabas 'yan Amurka, su na yamma 'yan Shinuwa. A bakin rijiya mace ta ce wa 'yar'uwarta, "Matsa, Shinuwa, guganki ma na jabu ne," ita kuwa ta ce, "Ina buhun da uwarɗakinku ta aiko?" Ranar biki in na yamma ya auri ta gabas, sai 'yan mata su tare ƙofa su ce ba a shiga ƙasarsu sai da takarda, a ba su goro su buɗe. Shekaru muna haka, ban taɓa ganin wanda ya yi fushi ba. Gidanmu kuwa, tunda Kaka ce ta ce a rubuta sosai har ta ba da fura, shi ne Gidan Amurka. Ko baƙo ya zo neman babana, haka ake yi masa kwatance.

Da na yi aure na sami ciki, aka mayar da ni gida haihuwar fari kamar yadda ake yi. Na haifi mace, aka sa mata sunan uwar mijina. Kun ga kunya biyu ta hau kaina: ɗiyar fari ce, ba a san uwa da kama sunan ɗan fari ba, kuma sunan surukata ne, wanda ko a mafarki ba zan furta ba. Mijina ma ba zai kira sunan uwarsa gatsau ba. Dole a nemo abin kira. Kaka, lokacin idonta ya tafi, ta karɓi jaririyar ta shafa fuskarta da yatsu ta ce, "To, ga abin da munka daɗe muna jira ya iso. Amurka ta aiko." Ɗaki ya ɗauki guɗa da dariya. Shi ke nan suna ya bi ta. Kaka ba ta ga yayenta ba.

Bayan shekaru mijina ya sami moto yana kabu-kabu, muka dawo Tawa tare da uwarsa. A nan na tarar duniya ta sake. Tun da mulki ya juya a Yamai, kowa da ƙasarsa a baki. Ba sauran rediyon da ake kashewa don batir. Waya na aljihun kowa, ba ta gajiya. A fadar shayi ta ƙofar gidanmu na ji wa da ƙane sun daina cin abinci kwano ɗaya, ɗaya na cewa Rasha ce mai ceto, ɗaya na cewa duk kanwar ja ce. Mata a layin famfo, waɗanda ko Yamai ba su taɓa zuwa ba, suna rantsuwa da Allah a kan abin da Amurka ta ƙulla da abin da Shinuwa ta kwashe. Ban ce ƙarya suke ba. Wataƙila sun fi mu sani, mu da muka san ƙasa da gwangwanin mai. Abin da na gani dai shi ne mu mun raba gari don mu tsira tare, su kuwa sun rabu da gaske, kuma har yau ban ga wanda aka aiko wa ko tiya ɗaya ba. Mijina ya ɗaura ƙyalle mai fari da shuɗi da ja, tutar Rasha, a madubin motonsa. Na tambaye shi me ya sani game da masu tutar, ya ce ya san fasinja sun fi tsayar da mai ita.

Na ce masa, "Maigida, sunan yarinyar ga fa?"

Ya yi dariya. "Mu mai da ta Rasha mana."

"In an kwana biyu su ma an juya musu baya, sai mu mai da ta wa?"

Ya ce ni dai na cika tsoro, wa zai kula da sunan yarinya 'yar shekara biyar.

Manya ne suka fara, da wasa. Wata maƙwabciya a famfo ta ce, "A'a, ashe da 'yar leƙen asiri muke zaune." Aka yi dariya, ni ma na yi, irin wadda ba ta wuce haƙora. Na so in ba su labarin rijiya da maigari da makeri, amma labarin na da tsawo, layi kuma na tafiya. Yara na tsaye suna ji. Bayan kwana kaɗan suka haɗa waƙa, suna tafi suna cewa Amurka ta tattara ta koma garinsu. Ran nan ɗiyata ta shigo ta tsaya kusa da ni ina tankaɗe, surukata na zaune gefe, ta ce, "Wai mu ne muka kashe mutane?" Na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Amma ɗiyar fari ce, ga uwar miji na kallo. Ban ɗago ba. Na ce ta matsa tana tare mini haske. Haka aka rene ni, haka uwata ta yi wa yayana, kuma a ƙauye ba komai, don akwai kakanni da gwaggwanni goma da za su ɗauke yaro su rarrashe shi. A nan tsohuwa ɗaya ce, kunnenta ma ya yi nauyi.

Ranar da abin ya faru, da la'asar sakaliya ce. Ina wanke-wanke na ji waƙar a waje, sai na ji ta canza, ba tafi, sai gudu. Na leƙa. Yara sun fi goma suna bin ta da tsakuwa da ɓawon mangwaro, ita kuwa ta ruɗe, maimakon ta yo gida sai ta miƙe wajen kwalta, inda motoci da kabu-kabu ke wucewa ba tsayawa. Na fito ba ko mayafi. Na buɗe baki, sunan da na saba ya zo mini har kan harshe, na ga in na kwala shi a titin nan na zama ɗaya daga cikin masu waƙar. Sai na kira ɗayan. Sunanta na gaskiya, na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da aka raɗa shi. Na kira shi da duk ƙarfina, har sau uku, maza na fada suka juyo suna kallona.

Ba ta waiwayo ba. Ba ta san da ita nake ba.

Daga cikin gida, bayana, na ji muryar tsohuwa ta ce, "Na'am? Wa ka kirana?"

Wata mai tuyar ƙosai a bakin kwalta ce ta saki matsami ta cafke ta a hannu, moto ya wuce ta gabansu har iskarsa ta ɗaga mata riga. Da na iso, jini na zuba daga girarta ta hagu inda dutse ya same ta. Yaran sun watse. Na ɗauke ta a gaban kowa, na rungume, ban damu da wa ke gani ba, amma jikinta a sandare yake, kamar wadda baƙuwa ta ɗauka.

Da muka shiga, surukata na tsaye tsakar gida da sandarta. Ta riga ta gane. Na durƙusa ban iya ɗaga ido ba. Ta ce, "Tashi, ɗiyata. Sunan ga na daɗe da shi, ya ishe ni. Ki kira ta da shi, na yafe miki." Mijina da ya dawo ya ga goshin, sai ya je ya zauna kan moto a zaure har aka kira magariba. Ƙyallen dai yana nan a madubi, ya ce in ya cire za a tambaye shi dalili.

An yafe mini, amma bakina bai yafe ba. Na gwada ina ni kaɗai a madafa, sunan ya tsaya mini a wuya. Sau ɗaya ɗin nan tsoro ne ya fizgo shi. Tsohon sunan kuma ta daina amsawa, in an kira sai ta toshe kunne. Yanzu watanni ke nan ɗiyata ba ta da abin kira. "Ke" muke ce mata. Ba ta fita, tana zaune bayan randa tana jera duwatsu. Wata mai zuwa za a sa ta lakwal, kuma yaran nan su ne za ta tarar a can.

Ni ban san wace ƙasa ce mai gaskiya ba, ba kuma na hana kowa son wadda yake so. Roƙona ɗaya ne. In hanya ta biyo da ku ta unguwarmu, kuka ga yarinya siririya mai tabo a girar hagu, kada ku kira ta da abin da kuka ji yara na kiranta, ko da wasa. Ku durƙusa ku tambaye ta sunanta. Za ta yi shiru, ku jira, kakarta na koya mata. In ta faɗa, ku kira ta da shi, da ƙarfi, sau biyu ko uku, har kunnenta ya saba. Ni uwarta ce, ba zan iya ba. Don Allah ku yi mini.